Bargon ƙyallayenki na farko ya ƙi daidaita har gwiwa tayi sanyi? Ga abinda zaki yi kafin ki cusa shi a jaka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau da ke nake magana, ke da kika fara koyon haɗa bargon ƙyallaye, ki yayyanka ragowar atamfa ki jera ki ɗinke, ki shimfiɗa fiba, wato abin cushe mai kama da auduga, a tsakiya ki sa masa yadin baya sannan ki bi duka ukun da ɗinki. Kin fara da zumuɗi, kin bi teloli kin tara ƙyallaye leda guda, kin zauna kin yi ta yanka har yatsa ya ɗuri ruwa, sai da kika zo haɗa layi na farko da na biyu kikaga ɗaya ya fi ɗaya tsayi, kusurwoyin kowacce ta kama gabanta, abinda kika gani a waya daban abinda ke kan cinyarki daban. Daga nan sai jiki ya mutu, sai zuciya ta fara raya miki ai dama ke hannunki ba na ɗinki bane, masu yi baiwa ce Allah ya basu. Wannan maganar ta baiwa ita nake so mu ajiye gefe, saboda kusan duk abinda yake karya zuciyar mai koyo a wannan sana'a abu ne da ake iya ɗora tef a kai a auna, kuma in dai an auna an gano, to akwai gyara.

Abu na farko, ranar da ranki ya ɓaci kar ki farke komai. Wallahi kar ki ɗauki reza da haushi, nan ne ake tsarge yadi a yi ɓarnar da ta fi ta farko. Ki kashe keke, ki miƙe, ki sha ruwa, ki je ki yi wani aikin. Amma kuma kar ki dunƙule shi ki tura cikin Ghana-must-go ki ɗora saman wardrop, domin aikin da ya shiga can da wuya ya fito, sai dai bayan shekara ki ci karo dashi ki ƙara jin takaici. Ki shimfiɗa shi kan gado ko ki rataya a bayan ƙofa inda idonki zai rinƙa faɗawa kai. Washegari da safe, da hasken rana, bayan kin yi barci, zaki ga rabin abinda ya tsone miki ido jiya da daddare bai kai yadda kika ɗauka ba. Yawancinmu da dare muke samun lokacin ɗinki, bayan yara sun kwanta, ga gajiya ga ciwon baya ga hasken tocila in ba wuta, to a wannan halin ko ɗinkin da yayi kyau ma sai kiga kamar bai yi ba. Hukunci sai da safe.

To da safen, ɗauko tef. Ki juya ɗinkin ta baya ki auna abinda kika bari tsakanin bakin yadi da layin ɗinki. A wannan aikin kwatan inci ake bari, ba rabin inci ko fiye da muka saba bari a ɗinkin riga ba. Yawancin tef ɗin teloli inci ɗaya an raba shi gida 8, kenan kwata shine 'yan layuka 2. Yanzu ki duba lissafin nan da kyau domin shi ne yake cin mutane basu sani ba. A ce kin zarce da rabin ɗan layi ɗaya kacal, abinda ido ma baya gani sosai. Kowane ɗinki yadi biyu yake ci, na dama da na hagu, kenan a ɗinki ɗaya kin rasa ɗan layi guda cur. Layi mai ƙyalle 8 yana da ɗinki 7 a tsakani, kinga kin rasa 'yan layukan tef 7 cikin 8, saura kaɗan inci guda ya tafi. In kuma a layi na biyu hannunki ya ɗan matsa ta ɗaya gefen kika rage, to tazarar da ke tsakaninsu sai ta wuce inci. Wannan shi ne duk sirrin layin da ya ƙi haɗuwa da ɗan uwansa, babu wata baiwa a ciki, ɗan rabin layi ne yake taruwa yana taruwa.

Maganinsa kuwa mai sauƙi ne. Ki sauke allura a hankali kan tef ɗinki, ki auna kwatan inci daga allurar zuwa dama, ki manna salatif na takarda a jikin farantin keken daidai wajen, ki ninka shi sau uku ko huɗu ya ɗan yi tudu yadda bakin yadi zai rinƙa jingina dashi. Kar ki dogara da bakin ƙafar keken nan mai danne yadi, a wasu kekunan kwata ce, a wasu ta fi, musamman tsofaffin Butterfly da Singer da aka sha canza musu kaya. Sai ki gwada: yanko ƙyallaye 3 kowanne faɗin inci 2 da rabi, ki haɗa su gefe da gefe ki goge. Faɗin duka ya kamata ya bada inci 6 da rabi, na tsakiyar kuma inci 2 cif. In bai bada ba ki matsar da salatif ɗin ki sake, har sai ya bada. Kuma idonki ya rinƙa kallon bakin yadi da salatif, ki daina kallon allura, ita ta san hanyarta.

In kin auna kinga ɗinkin daidai yake amma har yanzu ba'a haɗu ba, to koma kan yanka. Da yawa kwali suke yankawa su rinƙa zagaye shi da biro ko alli, kuma kwali bakinsa yana cinyewa, kafin ki zana guda 50 ya ragu kusurwarsa ta daddagule, kenan na farko da na ƙarshe ba girmansu ɗaya ba. Ki samu roba mai ɗan tauri irin bangon fayil ki yanka ma'auninki da ita, ki zana da fensir mai tsini, kuma da almakashi kar ki tara yadi ya wuce ninki 2, in yayi yawa na ƙasa zamewa yake. Wuƙar nan mai taya da tabarmar yankanta da kike gani a bidiyo suna da daɗin aiki, in Allah ya hore ki saya, amma rashinsu ba zai hana ki samun ƙyalle mai kusurwa daidai ba.

Sai guga, wanda shi kam kusan kowace mai koyo tana yinsa yadda ta saba goge kaya, ta danna ta ja gaba ta ja baya. Ƙaramin ƙyalle in kika ja shi da dutsen guga mai zafi miƙewa yake ya karkace, ki yanka shi daidai ki ɗinka daidai guga ta ɓata. Ɗorawa ake a danna a ɗaga, kamar mai buga hatimi. Kuma bakin ɗinkin na baya, layi na farko ki kwantar dasu duka dama, layi na biyu duka hagu, na uku dama, haka har ƙasa. In kika zo haɗa layi biyun zaki ji da yatsanki tudun wannan ya shige kusa da tudun wancan sun kulle, sai ki soka fil a nan. Ranar da kika fara jin wannan kullewar a yatsanki zaki gane yadda masu yi suke samun kusurwa ta haɗu. Ko dutsen gawayi gareki zai yi, ki dai shimfiɗa wani farin ƙyalle a sama saboda toka.

Akwai kuma laifin da ba naki bane sam, na ƙyallayen ne. Ledar da tela ya baki gauraye take, akwai atamfar auduga, akwai mai roba-roba, akwai shadda, akwai yadin maza, akwai material mai santsi da guntun leshi. Waɗannan ba tafiyarsu ɗaya ba a ƙarƙashin allura, wani yana miƙewa wani baya yi, kuma in sun shiga ruwa auduga tana ja ta ɗan ragu, roba kuma tana nan yadda take, sai kiga bargo ya tattare bayan wankin farko. Ki ware su tun farko. In kin rasa gane wanne ne wanne ki yanki ɗan ƙaramin gefe ki kusanta shi da ashana a waje, kusa da ruwa: auduga tana ci ta bar toka mai laushi da ƙauri irin na takarda, roba kuwa narkewa take ta dunƙule tayi tauri. Ki tsaya kan auduga zalla a aikin farko. Sannan ki wanke su kafin ki yanka, masu duhu daban masu haske daban, ki ga wacce take zuba. Ja da shuɗi mai duhu sun fi yin wannan halin. Wadda kika ɗauraye kika sake ɗaurayewa ruwan bai daina canza kala ba ki cire ta, komai kyanta, don babu baƙin cikin da ya kai ki gama bargo ki wanke kiga ja ya malale cikin fari. In wankin ya sa sun yi laushi da yawa ki ɗan sa musu sitaci kafin guga, yankan zai fi miki daɗi.

Yanzu tambayar da tafi damun mai koyo, me zan farke me zan bari? Ni ga yadda nake raba su. Akwai kuskuren da zai sa bargon ya lalace in an yi amfani dashi, irin wajen da bakin da kika bari ya sirance har bai kai ɗan layi ɗaya ba, ko inda ƙyalle ɗaya ya zame allura bata kama shi ba ya bar rami, ko inda zaren yayi sako-sako kina ja yana buɗewa. Wannan dole a gyara, tun yanzu, kafin a rufe bayan. Akwai kuma kuskuren da ido ne kawai yake gani, kusurwa ta goce da ɗan kaɗan, layi ya ɗan yi lanƙwasa. Shi wannan ki shimfiɗa aikin a ƙasa ki ja baya taku 3 ki kalla. In daga nan bakya ganinsa, ki barshi ki wuce, don babu mai kallon bargo da hancinsa a jikin yadi sai wadda ta ɗinka. In kuma kina ganinsa kuma kin san zai rinƙa cin ranki duk lokacin da kika shimfiɗa, farke ki sake, amma sau 2 ne iyaka. Bayan haka bakin yadin ya riga ya zazzage ya miƙe, ramukan allura sun yi yawa, na uku ba zai fi na biyu kyau ba, gara ki yanko sabon ƙyalle ki maye ko ki haƙura dashi haka.

Wajen farkewar ma akwai dabara. Kar ki buɗe yadin ki rinƙa turawa da reza a tsakiya. Ta gefe ɗaya ki tsinke zare ɗaya cikin kowane 3 ko 4, sai ki juya ki ja zaren ɗaya gefen, zai fito a dogonsa yadin bai ji komai ba. Ɗan abin farke ɗinkin nan mai baki biyu ba shi da tsada a wajen masu kayan ɗinki, ya fi reza aminci nesa ba kusa ba. Sannan in bambancin layi biyu bai wuce kwatan inci ba ma ba sai kin farke ba, ki soka fil a kowace mahaɗa, ki sa wanda ya fi tsayi a ƙasa ta wajen haƙoran keke, su haƙoran suna jan na ƙasa fiye da na sama kaɗan, sai rarar ta shige ba tare da tattara ba.

Wani babban abin da yake kashe gwiwa kuma ba'a cika faɗa ba shi ne girman aikin da aka ɗauko. Kusan kowa da na gadonta take farawa, 6 by 6. Mu yi lissafi. In kina yanka ƙyalle inci 5 kowane gefe, bayan ɗinki zai koma 4 da rabi. Katifa ƙafa 6 inci 72 ce, kenan ƙyalle 16 a tsaye 16 a kwance, guda 256, kuma wannan saman katifar kawai ya rufe. In kina so ya sauko gefe sai kin kai wajen 20 sau 20, guda 400. Na jariri kuwa mai inci 36 da 45, ƙyalle 8 ne sau 10, guda 80. Kinga 80 da 400 ai ba ɗaya ba, kuma duk abinda zaki koya a babban yana cikin ƙaramin, yanka, haɗi, guga, fiba, baki, duka. Don haka in kin riga kin fara babba kin maƙale a tsakiya, babu laifi ko kaɗan ki tsaya a inda kike ki mayar dashi ƙarami. Layuka 5 kika haɗa? Ya zama na jariri, ko shimfiɗar zaman yara, ko abin rufe ƙafa lokacin hunturu. Guda 9 kawai kika iya? Rigar filon kujera ce. Sauran ƙyallayen da kika yanka suna nan, ba zasu ruɓe ba. Kuma don Allah ki bar masu kusurwa uku da taurari tukuna, yankan da aka yi a karkace miƙewa yake da an taɓa shi, ko waɗanda suka daɗe suna yi lallaɓa shi suke.

Wata kuma ɗinkinta lafiya lau, kalar ce ta bata haushi, ta haɗa ta ga abin yayi hayaniya ido ya rasa inda zai sauka. Atamfa dama kowacce da ƙarfinta take zuwa, in kika jera guda 10 masu manyan zane gefe da gefe dole su yi ta faɗa da juna. Ki raba su da yadi mara zane, fari ko baƙi ko ruwan toka ko shuɗi mai duhu, ɗaya atamfa ɗaya fili. Sannan kafin ki ɗinka ki jera a ƙasa ki ɗauki hoto da waya ki mayar da hoton baƙi da fari, nan take zaki ga inda masu duhu suka taru waje ɗaya da inda yayi fayau, sai ki sassauya. In kin riga kin haɗe, ki zagaye shi da faffaɗan baki na yadi mara zane, yana kwantar da hayaniyar sosai.

Game da hotunan da kike gani a Instagram da Pinterest, ki riƙa tunawa wadda ta ɗora ta zaɓi wanda ya fi kyau ne cikin aikinta, ta goge shi ta ɗauka daga nesa a haske mai kyau, da yawansu kuma ba ma su suke bin saman da ɗinki ba, akwai wani dogon inji na musamman da ake kai wa a biya. Ke kuma kina gwada shi da aikinki na farko da kike kallo ta baya. In kina son kallon abinda zai ƙarfafa ki, ki nemi hotunan barguna na matan Gee's Bend. Wani ɗan ƙauye ne a jihar Alabama ta Amurka da kogi ya kusan zagaye shi, mutanensa baƙaƙen fata ne jikokin bayin da aka sa noman auduga a wajen. Matan suna haɗa barguna da tsofaffin wandunan aiki da buhunan da suka samu, saboda sanyi da rashin abin saye, layukansu a karkace, ƙyallen wani ya fi wani, inda yadi ya ƙare sai su cike da wani kalar. A 2002 aka baje kolinsu a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, daga nan aka kai New York, a 2006 har hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunansu a jikin kan sarkin da ake manna wa wasiƙa. Ki kalle su da kyau, abinda kike kuka a kai a naki yana nan a nasu, kuma ɗinkinsu ya riƙe, an rufa dasu shekara da shekaru. Wannan riƙewar ita nake so ki fara nema, daidaiton kusurwa zai zo da yawan yi.

Sai maganar mutane, wadda a gaskiya ta fi karkacewar layi ciwo. Za'a samu mai cewa wai ke duk kayan kanti da suka cika kasuwa sai ki zauna kina haɗa tsummokara, ko a ce wannan ai sai kace kayan mabarata, wani lokacin ma daga bakin wanda kike ganin girmansa a cikin gida. Yana da zafi, ba zan ce miki baya da zafi ba. Amma ki sani cusa auduga tsakanin yadi biyu a bi da ɗinki ba baƙon abu bane a ƙasar Hausa, duk wadda ta taɓa kallon hawan sallah a Kano ko Katsina ko Zariya ta ga 'yan lifidi, wannan rigar mai kauri da ke jikin doki da mahayinsa haka ake yinta, kuma da can saboda kibiya ake sawa a fagen yaƙi. A Bangaladesh da gabashin Indiya ma mata tsofaffin zannuwansu suke jerawa su bi da ɗinkin hannu su yi abin rufa. Sana'a ce mai asali. Shawarata dai, aikin da bai ƙare ba kar ki nuna wa kowa da kowa. Saman bargo da ba'a rufe ba, zare na reto, baki na zazzagewa, ko na gwana ne baya da kyan gani, wanda bai san aikin ba abinda zai gani kenan ya faɗa. Ki nuna wa mutum ɗaya ko biyu da suka san keke, kuma ki yi musu tambaya takamaimai, ki ce Anti duba min me yasa nan ya tattare, maimakon ki ce ya yi kyau? Tambayar farko gyara take kawowa, ta biyun kuwa ko a faranta miki da abinda ba haka ba ko a ɓata miki rai.

Wajen da mutane da yawa suke sarewa na biyu shi ne bayan sun sha wahalar saman sun gama, sun zo haɗa shi da fiba da baya, su ɗinka su juya su ga bayan duk ya naɗe yayi ƙulli-ƙulli. Nan ma dalili ne dashi. Yadin baya da fiba su fi saman girma da kamar inci 3 ko 4 ta kowane gefe. Ki share tayil ko siminti, ki shimfiɗa bayan fuskarsa na kallon ƙasa, ki kama gefunansa da salatif ya miƙe sumul amma kar ki ja shi har ya ɗame, ki ɗora fiba, ki ɗora saman, ki lallatsa daga tsakiya zuwa waje. Sai fil mai kulle, tazarar faɗin tafin hannu tsakanin kowanne, ko'ina, kar ki yi rowarsa, in babu ki bi da manyan ɗinkin hannu na wucin gadi. Ɗinki daga tsakiya ake farawa a nufi baki, a ƙara tsawon takun allura ya zama kamar 8 zuwa 10 a inci, a ɗan sassauta abin da ke danne ƙafar keken ta sama, sannan nauyin bargon kar ya rinƙa reto a ƙasa yana jan allura, ki kara tebur ko kujera ya ɗauke shi. Kuma fiba mai kaurin nan ta dubet, ƙaramin keke baya jin daɗinta, ki nemi siririya, ko tsohon bargo mara nauyi da aka wanke, da zafin garuruwanmu ma siririn ya fi amfani. In duk da haka keken ya ƙi, akwai hanyar da babu ruwanta da keke: zare mai kauri da babbar allura, a kowace mahaɗar ƙyallaye ki soka ki fito ki ƙulla sau biyu ki yanke ki bar ɗan jela. Bargo ne cikakke, ba wanda zai ce miki ba'a haka.

In kuma zare ne yake cukuikuyewa a ƙasa kamar zai sa ki kuka, kafin ki taɓa wani sukurun bobin ki zare zaren sama gaba ɗaya ki sake sawa, ƙafar keken a ɗage, yawanci daga nan matsalar take. Ki canza allura, lamba 14 tana yi, in aikin yayi kauri 16, ki goge ƙurar yadi da ta taru a ƙarƙashin faranti ki ɗiga mai.

Ta fannin kuɗi kuma, kar ki yanka Super ko Holan ɗinki ta cikin akwati a aikin koyo, tsoron ɓata ta kaɗai ya isa ya sa hannunki rawa. Kuma duk yadda aka roƙe ki kar ki karɓi kuɗin wata ki ce zaki yi mata na gadon amarya alhali baki gama naki ko ɗaya ba. Ranar biki bata matsawa, ke kuma baki san tsawon lokacin da aikin yake ci ba tukuna, in aka samu matsala ga kunya ga biyan yadi, da yawa daga nan suke barin sana'ar gaba ɗaya. Ki gama ƙanana guda biyu ko uku naki na kanki, ki ga yadi nawa suka ci, zare nawa, lokaci nawa, sannan ki san kuɗin da zaki faɗa.

To ki ƙarasa wannan na hannunki ko yaya yake. Ki daidaita gefunan da almakashi, ki yanko dogon yadi faɗin inci 2 da rabi ki ninka shi biyu a tsaye ki goge, ki ɗinka ta gaba ki juya ki kama ta baya, in wannan yayi miki wuya ki rage fibar daidai da saman ki naɗo rarar yadin bayan zuwa gaba ki kalmashe ki bi da ɗinki. Sannan ki wanke shi da ruwan sanyi ki shanya a inuwa. Wanki yana sa auduga ta ɗan yi yamutsa mai kyau, ramukan allura su rufe, ƙananan tattarar nan da yawa su ɓace a ciki. Ki rubuta wata da shekara a wani ɗan farin ƙyalle ki ɗinka a kusurwar baya, kuma wannan na farkon kar ki sayar kar ki bayar, zaki buƙace shi ki rinƙa gwadawa da na gaba. Kafin ki fara na biyu ki juya na farkon ki zaɓi matsala ɗaya tak da ta fi yawa a jikinsa, in bakin ɗinki ne to a na biyu shi kaɗai zaki sa wa ido, girman ya zama ɗaya, yankan ya zama ɗaya, kalar kawai zaki canza don kar ki gaji. Masu kusurwa uku sai a na uku ko na huɗu, lokacin da gwajin ƙyalle ukun nan ya rinƙa baki inci 6 da rabi ba tare da kin sake matsar da salatif ba.